Dabarun Tantance Tsuntsayen Daji a Karkarar Sifaniya da Abin da Suke Koya wa Manazarcin Hausa

1.0 Gabatarwa

Kallon tsuntsaye sha'awa ce da ta yi ƙarfi a kudancin Turai, amma ba nishaɗi kaɗai ba ne. Bayanan da masu kallon suke tarawa suna cikin abin da ake dogara da shi wajen gane jinsin da ke ƙaruwa da wanda ke neman ƙarewa. Wannan maƙala ta dubi yadda ake tantance jinsi a yankin Extremadura na yammacin Sifaniya, sannan ta nuna dalilin da ya sa sunan da harshe ya bai wa tsuntsu ba ya wadatarwa wajen gane shi.

2.0 Muhallin Kallo

Extremadura karkara ce ta makiyayai masu itatuwa jefi-jefi, da filayen hatsi, da duwatsu. A arewacinta akwai gandun Monfragüe, wanda aka fara killacewa a 1979, aka mayar da shi gandun ƙasa a 2007. A nan ne kogin Tajo ya ratsa ta gindin wani tsauni mai suna Peña Falcón. Masu kallo kan tsaya a ɗaya gaɓar da madubin hangen nesa da littafin hotunan tsuntsaye, musamman a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da tsuntsayen da suka yi ƙaura zuwa Afirka suka dawo sheƙa. Ƙungiyar SEO/BirdLife, wadda aka kafa a 1954, tana shirya ƙidayar tsuntsaye a ƙasar tare da masu sa kai.

3.0 Matakan Tantancewa

Gwanin kallo ba ya farawa da launi, domin hasken rana da nisa suna sauya shi. Yakan fara da girma da sura, sannan salon tashi, sannan wuri da lokaci, sai kuka. Launi yana zuwa daga baya a matsayin tabbaci.

Ungulayen Monfragüe uku sun isa misali. Gyps fulvus tana da jiki ruwan ƙasa, faɗin fukafukanta ya kan wuce mita biyu da rabi, tana shawagi da su a ɗan ɗage, kuma tana sheƙa a jikin dutse cikin taro. Aegypius monachus baƙa ce ƙirin, tana shimfiɗa fukafukai a miƙe kamar allo, sheƙarta kuwa galibi a kan itace take. Neophron percnopterus ƙarama ce, fara mai baƙin gefen fiffike da fuska rawaya, bindinta ya tsuke a ƙarshe. Ita ce baƙuwa a cikinsu: takan iso wajen Maris, ta koma Afirka wajen Satumba. Don haka watan da aka ga tsuntsu shi kansa shaida ne.

4.0 Suna Ɗaya, Jinsi Da Dama

Manyan tsuntsaye masu shawagi suna dogara da iska mai ɗumi da ke tasowa daga ƙasa. Irin wannan iska tana da rauni a kan teku, shi ya sa masu ƙaura suke taruwa a Tarifa su ƙetare mashigin Jibraltar, inda tazarar Turai da Afirka take kimanin kilomita 14. Daga nan su ratsa Sahara zuwa Sahel. A nan ne batun ya shafi Hausa.

Shirwar Turai, Milvus migrans, tana da baƙin baki idan ta girma. Shirwar da aka saba gani a garuruwan Hausa kuwa bakinta rawaya ne. Duka biyun Bahaushe shirwa zai kira su. Haka nan a Monfragüe akwai Ciconia nigra, baƙin tsuntsu mai farin ciki, wanda duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa zai ce shamuwa ce. Amma kama da wane ba ta wane. Shamuwa ita ce Ciconia abdimii: ta fi ƙanƙanta, tana da shuɗi a fuska, tana sheƙa cikin gari, tana zuwa gab da damina, kuma ƙaurarta a cikin Afirka take, ba ta zuwa Turai. Wancan kuwa baki da ƙafafunsa ja ne, kuma yana gudun mutane. Ungulun mahauta ma, Necrosyrtes monachus, ba ta cikin ukun da aka ambata.

Wannan ba naƙasu ba ne ga harshe. Bahaushe ya raɗa suna bisa amfani da ɗabi'a da lokaci, alhali tsarin suna biyu na Latin, wanda Linnaeus ya shimfiɗa wa dabbobi a 1758, yana neman bambance kowane jinsi. Matsala tana aukuwa ne idan mai fassara ya ɗauka tsarin biyu daidai suke, ya sa shamuwa a duk inda ya ga tsuntsu na danginta.

5.0 Kammalawa

A 2015 hukumar IUCN ta sanya ungulun mahauta cikin jinsunan da ke gab da ƙarewa. Littafin makaranta ko shirin rediyon da ya ce "ungulu" kawai ba zai iya nuna wadda ake nufi ba. Ƙamusoshin Bargery na 1934 da Abraham na 1949 sun adana sunayen tsuntsaye masu yawa. Aikin da ya rage shi ne manazarta su fita fili tare da maharba da manoma da masunta, su haɗa kowane suna da sura, salon tashi, muhalli da watan zuwa, kamar yadda mai kallo yake yi a gaban Peña Falcón, tun masu sanin sunayen da tsuntsayen suna nan.