Me ya sa mai jin kunyar waƙa yake sakin murya a da'irar zikiri?

A ƙasar Hausa an daɗe ana danganta waƙa da roƙo, shi ya sa matashi mai gudun zubar da mutunci yakan ji nauyin a ji shi yana rerawa. Amma wanda ba zai iya rera baiti ɗaya a gaban abokansa ba, shi za ka tarar a zawiya bayan la'asar ranar Juma'a yana hailala da iya ƙarfinsa.

Tsarin zikirin ne ke sauke masa nauyin. A wazifar Tijjaniyya ana yin istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, sai Jauharatul Kamali 12. Lafazin sananne ne, maimaita shi ake yi, kuma babu ɗan kallo, kowa mai yi ne. Muryar mutum takan nutse cikin ta jama'a. In ya kauce wa kari, amon sauran ya komo da shi ba tare da an nuna shi da yatsa ba. A Kadiriyya kuwa, bandirin da Shehu Nasiru Kabara ya yaɗa a Kano shi ke riƙe karin.

Sannan masu yi ba sa kiransa waƙa, ibada ce a wurinsu, kuma ba a jin kunyar ibada. A nan ne saɓani ya taso: ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, tana ɗaukar zikirin taro da bandiri a matsayin bidi'a, muhawarar da har yau take raba kan matasa a unguwa ɗaya.