Yadda Dodgers ta ɗauko Ohtani da kuɗin gobe

A wasan besbol na Amurka, da an kammala gasar World Series sai kasuwar 'yan wasa ta buɗe. Wanda ya cika shekara 6 a babban rukuni, kwantiraginsa kuma ya ƙare, yana iya komawa inda ya ga dama.

Haka Shohei Ohtani, ɗan Japan, ya bar ƙungiyar Angels zuwa Los Angeles Dodgers a Disambar 2023, kan dala miliyan 700 na shekara 10. Hikimar tana wajen biya: miliyan 2 kacal yake karɓa duk shekara, sauran miliyan 680 sai daga 2034 zuwa 2043. Wannan haƙuri nasa ya ba ƙungiyar sararin ɗauko majefin ƙwallo Yoshinobu Yamamoto kan miliyan 325, ta kuwa lashe kofin World Series na 2024.