Mumbai: Birnin da rayuwarsa ta rataya a kan jirgin ƙasa

Masu kallon finafinan Indiya sun san Mumbai da dogayen benaye da bakin teku. Amma ga mazauna birnin, waɗanda ƙidayar 2011 ta nuna sun haura miliyan 12, rayuwa ta rataya ne a kan jirgin ƙasa.

Birnin siriri ne, teku ta matse shi. Manyan ofisoshi da dama suna kudu, gidaje masu sauƙin haya kuwa suna can arewa. Shi ya sa jiragen da ke zirga-zirga tsakanin unguwanni ke ɗaukar kimanin fasinja miliyan 7 a kullum. Da safe ana cika tarago maƙil, har wasu su rataye a bakin ƙofa. Fiye da mutum 2,000 ne ke mutuwa duk shekara a kan layin dogon, galibi wajen tsallaka shi ko faɗowa daga jirgi. An keɓe wa mata taragunsu.

Cunkoson ma ya raya wata sana'a. Tunda ma'aikaci kan bar gida kafin a sauke tukunya, kuma babu sararin riƙe kwano a tarago, masu dakon abinci da ake kira dabbawala ke karɓo abincin rana daga gida su kai masa ofis, da keke da jirgi. Kafin annobar korona sun kai kimanin 5,000, suna raba kwano 200,000 a rana.

Damina kuma wani tashin hankali ne. A ranar 26 ga Yuli, 2005, ruwan sama na milimita 944 ya tsayar da jiragen, dubban ma'aikata suka kwana a ofisoshi da tituna.