Ina Ladi ta shiga?

A 'yan shekarun nan, a gidajen ma'aikata da 'yan boko, da wuya in ji an yi wa jaririya laƙabi da Ladi. Liman zai raɗa Fatima ko Hauwa'u, amma kafin a gama rabon goro uwa ta riga ta sanar cewa Amira za a riƙa kiranta, ko Ihsan, ko Hanan. Ladi kuwa an bar wa tsofaffi da mutanen ƙauye.

Ma'anar sunan a fili take: yarinyar da aka haifa ranar Lahadi, takwarar Ɗanladi. 'Yan'uwanta su ne Tani, Talatu, Laraba, Lami, Jummai da Asabe. Ba sunan yanka ba ne, sunan rana ne, kuma alkunya ce ta raya shi. Idan yarinya ta ci sunan kakarta, uwa ba za ta buɗe baki ta kira sunan surukarta a tsakar gida ba, sai ta fake da ranar haihuwa. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, masu gudun Ladi domin neman suna mai ƙamshin Larabci sun manta cewa ita kanta Lahadi daga Larabci ta fito, daga al-Ahad, wato rana ta ɗaya a mako. Bahaushe ne ya sarrafa kalmar har ta zauna daidai a bakinsa.

Wanda ke ganin sunan ƙauyanci ne, ya juya takardar Naira 20 da ke aljihunsa. Matar da ke ginin tukunya a jiki ita ce Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a Abuja ta da, wato Suleja ta yau, a 1954. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, hotonta ya hau kuɗin a 2007. Bagwariya ce, ba Bahaushiya ba, kuma nan ne darajar sunan take a wurina. Yana cikin 'yan sunayen da Musulmi da Kirista, Bahaushe da maƙwabcinsa, suke amsawa tare a Arewa. Irin wannan abin tarayya bai yi mana yawan da za mu yar da shi ba.

A Gana, Akan ba su taɓa jin kunyar sunayen ranarsu ba. Kofi na nufin wanda aka haifa ranar Juma'a, kuma da shi Kofi Annan ya shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1997 zuwa 2006.

Farfaɗo da Ladi ba ya buƙatar kwamiti ko kasafin kuɗi, kuma bai taɓa sunan da liman ya raɗa ba. Gurbin laƙabin nan da Amira ta cika, shi ne gurbin Ladi tun asali. Abin da ya rage shi ne likita ko lauya ya kira 'yarsa da shi a gaban abokan aikinsa ba tare da ya sassauta murya ba.