Faifan da aka buga da bashin fam 500

Ƴan kasuwa da mata masu adashe, labarinmu na yau daga birnin Mancesta na ƙasar Ingila ya fito. Labarin waƙa ne, amma ku da kuka san zafin neman jari za ku fi kowa gane shi.

A shekarar 1976 wasu samari huɗu, Pete Shelley da Howard Devoto da Steve Diggle da John Maher, suna da ƙungiyar kiɗa mai suna Buzzcocks. Irin kiɗansu shi ake kira pank: gita mai ƙara, ganga da sauri, waƙa gajeruwa. Su dai sun sa masa karin da ke kama kunne, shi ya sa daga baya aka lissafa su cikin magabatan pop pank. Manyan kamfanonin faifai duk a Landan suke a lokacin, kuma mawaƙin da ba su waiwaya ba sai ya yi ta jira. Samarin nan suka ƙi jira.

Suka bi dangi da abokai suna karɓar rance har suka haɗa kimanin fam 500. Mahaifin Shelley na cikin waɗanda suka taimaka. Ranar 28 ga Disamba 1976 suka shiga sitidiyon Indigo tare da Martin Hannett, wanda ya kula da ɗaukar sauti. Haya ce ake biya, kowace awa kuɗi ce, don haka ba a tsaya gyare-gyare ba: cikin ƴan awoyi aka ɗauki waƙoƙi huɗu aka kammala. A ɗaya daga ciki, mai suna “Boredom”, akwai wurin da Shelley ke maimaita sauti biyu kacal a gitarsa, da gangan, don tsokanar gwanayen da ke cika mutane da burga.

Ranar 29 ga Janairu 1977 faifan ya fito da sunan Spiral Scratch, ƙarƙashin ɗan kamfanin da suka kafa da manajansu Richard Boon, wato New Hormones. Guda 1,000 aka fara bugawa. Hoton bangon, Boon ne ya ɗauka da kyamarar Polaroid, kuma da hannunsu suka riƙa sa faifan cikin jakarsa. Abin da ya fi burge mu yana bayan bangon: sun rubuta sau nawa aka ɗauki kowace waƙa da abin da aka ƙara mata. Wane mai sana'a ne a kasuwar Maraɗi ko Damagaram zai manna sirrin aikinsa a jikin hajarsa? Su sun yi, kuma matasa da dama a Ingila suka duba suka ce ashe mu ma muna iyawa.

Sayarwa kuwa, wasu ta gidan waya suka yi oda, wasu a kantin Virgin na Mancesta da kantin Rough Trade na Landan suka saya. John Peel ya sa faifan a rediyon BBC. Dubun farko ta ƙare, aka sake bugawa, har aka sayar da wajen 16,000.

Sai dai tafiyar ba ta ɗore a haka ba. Faifan na fitowa da ƴan makonni Devoto, mai rera waƙoƙin, ya bar ƙungiyar, daga baya ya kafa tasa mai suna Magazine. Shelley ya karɓi rerawa. A watan Agusta 1977 suka sa hannu da United Artists, babban kamfani irin wanda suka kauce wa da farko. Ba mu ga laifinsu ba. Mai ƙaramin jari ya san yadda ciniki ke yi wa mutum yawa. A can ne suka fitar da “Ever Fallen in Love” a 1978, ta kai lamba 12 a jerin waƙoƙin Birtaniya.

Spiral Scratch an sake fitar da shi a 1979, ya kai lamba 31. Shelley ya rasu a Estoniya cikin Disamba 2018.