Daga na ɗaya a aji zuwa CGPA 2.41: abin da jami'a ta koya wa ɗan Kamarawa

Ranar da sakamakon shekarata ta farko a jami'a ya fito, sau uku ina fita daga shafin makaranta ina sake shiga, wai ko na wani aka saka mini. Sunana ne, lambata ce, a ƙasa kuma an rubuta 2.41. Har da kwas ɗaya da na faɗi, wato kari-oba. Ni da tun daga firamare a Kamarawa har na gama sakandare a garin Isa ban taɓa wuce na uku a aji ba. Ni da a unguwarmu ake kira “Furofesa”.

Da yamma Baba ya kira, kamar yadda ya saba. “Yaro, ina labarin jarrabawa? Na nawa ka zo?” Na ce, “Baba, nan ba a yin na ɗaya da na biyu.” Gaskiya na faɗa, amma na san ɓuya na yi a bayanta.

Yanzu ina aji uku a sashen koyon aikin jarida, kuma na ga ɗalibai da yawa da irin wannan ta faru da su. Mafi yawansu ba daƙiƙai ba ne, wasu ma su ne zakarun makarantunsu. Matsalar ita ce mun shigo jami'a da irin ƙoƙarin sakandare, alhali nan wani irin ƙoƙari ake nema daban.

A sakandare, malami zai rubuta darasi a allo, ka kwafa, ka haddace, ranar jarrabawa ka mayar masa da kayansa. Mu da muka tashi da allo a makarantar Alƙur'ani, hadda ba ta ba mu tsoro. Ga kuma masu sa ido ta ko'ina: ka makara a tare ka a ƙofa, ka yi fashi a aika gida. WAEC da NECO da JAMB kuwa duk suna da tsoffin tambayoyi, wanda ya bi su shekara da shekaru zai gane hanya. Mako biyu na karatun dare ya ishe ni in fita kunya.

A jami'a babu mai tashin ka. Za ka shiga ɗakin lakca da ɗaruruwan ɗalibai, malami bai san fuskarka ba balle sunan garinku. Zai yi bayanin awa biyu, ya ambaci littattafai uku, ya fice. Idan ka ga dama ka nemo su, idan ba ka ga dama ba, kai ka sani. Wannan 'yancin ne ya cinye ni. Na ɗauka tunda ba a tambaya ta ba, ba a bin ni bashi. Ashe rubutawa ake yi, sai ƙarshen zango a kawo takardar.

Ga yadda lissafin yake a yawancin jami'o'inmu. Maki 70 zuwa sama shi ne A, yana da daraja 5. Daga 60 zuwa 69 B ne, daraja 4. Daga 50 zuwa 59 C, daraja 3. D na da 2, E na da 1, F kuwa sifili. Kowane kwas yana da nauyinsa, wani biyu wani uku, kuma da wannan nauyin ake ninka darajar. Ma'ana, D a kwas mai nauyi uku ya fi yi maka ɓarna a kan D a mai nauyi biyu. Ni kuwa a kan kwasa-kwasai masu sauƙi na ƙarar da ƙarfina, na bar manyan sai dab da jarrabawa. Sannan maki 30 ko 40 cikin 100 ana tara su ne tun kafin jarrabawa, ta gwaji da aikin gida. Duk wanda ya yi wasa da CA, ya shiga ɗakin jarrabawa da ƙafa ɗaya.

Abin da ya fi ciwo shi ne CGPA ba ta mantuwa. A sakandare, idan zangon farko ya ɓaci, na biyu sabon shafi ne. A nan kuwa komai tarawa ake yi har ranar fita. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, daraja ta biyu ta sama daga 3.50, ta biyu ta ƙasa daga 2.40. Na zauna da biro na yi lissafin kaina, a kan cewa nauyin shekarun huɗu ɗaya ne. Da 2.41 a shekarar farko, ko da zan ci A a kowane kwas har in gama, ba zan kai 4.50 ba. Wannan ƙofar ta rufe tun ban san akwai ta ba. Don in kai 3.50 kuwa, sai na riƙe kusan 3.86 shekara uku a jere. Wannan lissafin ne ya kamata a yi wa kowane sabon ɗalibi a makon farko, kafin ma a nuna masa inda ake sayar da abinci.

Mu 'yan gabashin Sakkwato muna da ƙarin namu nauyin. Duk wanda ya yi sakandare a Isa ko Sabon Birni a 'yan shekarun nan ya san yadda matsalar 'yan bindiga ta yi wa karatu. Akwai makonnin da ba a zuwa makaranta, akwai darussan da ba a taɓa kai wa ƙarshensu ba. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da namu, lokacin ina shirin jarrabawar fita. JAMB kuwa da kwamfuta ake yin ta, wasunmu sai ana saura kwanaki suka fara taɓa madannai. Sai ka zo jami'a ka zauna benci ɗaya da wanda ya tashi da intanet a ɗakinsa, yana Turanci kamar ruwa. Kana lakca, rabin hankalinka na gida, kana jiran a ɗauki waya.

Wannan gaskiya ce, kuma ba na son kowa ya raina ta. Amma takardar jarrabawa ba ta da gurbin rubuta uzuri. Giɓin da muka zo da shi mu ne za mu cike shi, kuma yana cikuwa.

Abin da ya fara buɗe mini ido wata tambaya ce a kan ka'idar da McCombs da Shaw suka fitar a 1972, wadda ke cewa kafafen yaɗa labarai ne ke zaɓa wa jama'a abin da za su ɗauka da muhimmanci. An ce a tattauna. Na zuba ma'anar kalma da kalma yadda take a takardar malami, na fito ina murmushi. Makin da na samu ko rabi bai kai ba. Da na cire kunya na bi malamin ofis, sai ya ce, “Abin da na faɗa ka dawo mini da shi. Ina naka?” Da na sake haɗuwa da ka'idar a aji biyu, sai na kawo misalin gida: yadda harin da aka kai ƙauyen da babu ɗan jarida yake wucewa shiru, wani kuma ya cika Facebook da gidajen rediyo har hukuma ta yi magana. A ranar na gane cewa abin da na baro a Kamarawa ma ilimi ne, idan na iya ɗaura shi a kan abin da ke littafi.

Daga nan na sauya tsari. Na daina jiran jadawalin jarrabawa ya fito kafin in buɗe littafi. Duk lakcar da aka yi, a daren nan nake bitar ta, ko da minti talatin ne. Na daina TDB, wato kwanan zaune a aji ana gobe jarrabawa, don na lura abin da na cusa da asuba kafin azahar ya zube. Mun haɗa rukuni mu huɗu, kowa ya karanta wani sashe ya zo ya yi wa saura bayani da Hausa. Idan ka kasa bayyana abu da harshenka, ba ka gane shi ba tukuna. Kullum ina karanta labari ɗaya na jaridar Turanci da ƙamus a gefe. Waya kuwa, wadda da nake cewa minti biyar zan leƙa TikTok sai in ga an kira la'asar, yanzu a jaka take kwana idan na shiga laburare.

Shekara ta biyu na samu 3.90, jimilla ta koma kusan 3.16. Har yanzu ban kai inda nake so ba, kuma kuskuren wata tara nake ta biya. Amma ƙofar 3.50 a buɗe take.

Na san masu cewa sakamako ba shi ne rayuwa ba, wane ya fita da daraja ta uku ga shi yana hawa mota. Haka ne. Sai dai wuraren ba da tallafin ƙaro karatu da kamfanoni da yawa suna fara tacewa ne daga daraja ta biyu ta sama. Wanda yake da kawu a Abuja yana iya yin wasa da wannan. Ni kuwa gero aka sayar aka biya mini kuɗin rajista, takardar nan ita ce kawuna.

Ƙanena, ƙanwata, idan sunanka ya fito bana, barka. Ka ajiye kambun sakandare a gida, ka nemi wani ɗan aji uku ya yi maka lissafin CGPA tun makon farko, ka san nauyin kowane kwas, kada gwaji ko ɗaya ya wuce ka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Da na je hutun bara, na zaunar da Baba a zaure na yi masa bayanin komai, har da 2.41 ɗin da na ɓoye. Ya yi shiru, sannan ya ce, “To yanzu nawa ya rage ka kai?” Na faɗa masa. Ya ce, “Sai ka koma ka kai.”