Kwangilar gwamnati: takardun da ake dubawa kafin a duba farashi

Duk wanda ya san gabashin Sakkwato ya san ayyukan gwamnati ba sa yankewa a can. Dam ɗin Goronyo da ke kan gulbin Rima, wanda aka kammala a 1984, kullum yana bukatar gyara, haka ma magudanan ruwan da ke shayar da gonakin albasa da tafarnuwa da shinkafa har zuwa fadamar Wurno. Ga ajujuwa da asibitocin karkara da rijiyoyin burtsatse a Rabah. Sai dai sau da yawa kamfanin da ya ci aikin daga nesa yake zuwa, ɗan gari kuma ya ƙare da kawo yashi da tsakuwa. Mutane kan ce sanayya ce. Akwai ta, amma da yawa daga 'yan kwangilarmu tun a matakin takardu suke faɗuwa, kafin ma a buɗe ambulan ɗin da farashinsu yake ciki.

Tambayar farko ita ce, kuɗin wa za a kashe? Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, mai kula da dam ɗin Goronyo, ta tarayya ce, don haka ayyukanta suna bin dokar sayayya da bayar da kwangila ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP a Abuja. Aikin jiha yana bin dokar jiha, kuma sai ka yi rajistar ɗan kwangila da jihar. In Bankin Duniya ne ya ba da kuɗin, kamar shirin TRIMING da ya gyara ayyukan ban ruwa a kwarin Rima, to ƙa'idojin bankin suna shigowa. Bari mu tsaya kan na tarayya, domin sauran sun yi kama da shi.

Tushe shi ne rajista da hukumar CAC mai rajistar kamfanoni. A ayyukan gini galibi cikakken kamfani ake nema, rajistar sunan kasuwanci kaɗai ba ta cika wadatarwa ba. Daga nan sai takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku da suka gabata, tare da lissafin kamfani na waɗannan shekaru wanda ƙwararren akanta ya tantance. A nan ne aka fi tuntuɓe. Ƙaramin kamfanin da doka ta yafe wa haraji ma dole ne ya riƙa shigar da bayanansa duk shekara, in ba haka ba babu takarda. Wani abin da ba kowa ke lura da shi ba, takardar tana nuna yawan cinikin kamfani na shekara, masu ba da kwangila kuma da wannan adadi suke auna ƙarfinka. Wanda ya ɓoye cinikinsa don ya rage haraji, ya shaida wa gwamnati da hannunsa cewa ba zai iya babban aiki ba.

Sai takardu uku da suka shafi ma'aikata. Ta hukumar PenCom tana nuna kana zuba kuɗin fansho kamar yadda dokar 2014 ta tanada, kashi 10 cikin ɗari daga mai kamfani, kashi 8 daga albashin ma'aikaci, tare da inshorar rai. Ta NSITF kashi 1 ce na jimillar albashi, don diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki. Ta ITF ita ma kashi 1 ce, don horar da ma'aikata. Wasu daga cikinsu sun danganta da yawan ma'aikatanka, sanarwar aikin za ta fayyace. Masu kuka da yawan takardun nan suna da gaskiyarsu, amma wanda ya taɓa ganin lebura ya faɗo daga kan gini aka sallame shi da kuɗin mota ya san amfanin ta NSITF. A kula, waɗannan takardu suna ƙarewa ranar 31 ga Disamba, ta bara ba ta aiki bana.

Ragowar su ne shaidar shiga kundin 'yan kwangila na BPP, wasiƙar banki, shaidar ayyukan da ka taɓa kammalawa, da takardun injiniyoyinka masu rajista da COREN. Akwai kuma rantsuwa a kotu cewa ba a taɓa kama wani daraktan kamfanin da zamba ba, da bayyana ko wani jami'in hukumar da ke ba da aikin yana da hannu a kamfanin.

Wanda ya tsallake wannan tantancewa ne ake buɗe farashinsa, a bainar jama'a, kuma kana da 'yancin halarta. Doka ta ce a ba mafi sauƙin farashi a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. In ka ci, za a nemi lamunin banki ko na kamfanin inshora kafin a ba ka kuɗin kafin alƙalami. Wanda ya ga an zalunce shi yana da kwanakin aiki 15 ya rubuta koke ga shugaban hukumar da ta ba da aikin, in bai gamsu ba ya kai BPP, daga can sai Babbar Kotun Tarayya. Kaɗan ne ke amfani da wannan dama.

Abin da ya fi damuna shi ne aron kamfani. Mutum ya biya wani mai cikakkun takardu ya nemi aiki da sunan kamfanin mai takardun. A asusun mai kamfanin kuɗin za su shiga, shaidar kammala aiki da sunansa za ta fito, wanda ya sha rana kuwa zai shekara goma yana gini ba shi da takarda ɗaya da ke nuna ya taɓa ɗora bulo. In kuma takardun jabu ne, dokar 2007 ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10, kamfani kuma a hana shi kwangila aƙalla shekara 5.

Ɗan kwangilar Wurno ko Rabah ko Goronyo da ke son ya ci aiki da sunansa, ya nemi akanta tun yanzu, ya sabunta takardunsa a farkon kowace shekara, ya fara da ƙananan ayyuka yana adana shaidar kammala kowanne. Makonnin da sanarwa ke bayarwa ba su isa a haɗa tarihin shekara uku ba.